Koriyar Rigar da Ta Fito Baƙa

Paris, 3 ga Fabrairu, 1880

Zuwa ga Gwaggo Eulalie, sarauniyar Saint-Aubin da kajinta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, gwiwar nan taki kuma ta daina gaya miki ranar da ruwa zai sauko. Ki gaida min kaji ɗaya bayan ɗaya, ban da zakaran da ya yaga min wando, shi ki ce masa ina nan tafe da tukunya. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya mai da yatsuna kamar karas. Rubutuna kuwa ki yi haƙuri da shi, iyakar abin da tsohon Fada, limamin cocinmu, ya iya cusa min ke nan kafin ya gaji ya kore ni.

Kin dame ni wasiƙa bayan wasiƙa cewa in aiko miki da hoton 'yar da kika yi wa raino, wai kin fara manta kamannin Yaya Honorine tun da ta zo birni ta zama mai zane. To ga shi nan a cikin kwali. Ni na buga shi da hannuna a shagon mijinta inda nake aiki, ni na juya matsin buga hoto har kafaɗata ta yi ƙara. Kada ki soma ƙorafi wai ta juya miki baya. Haka ake yi yanzu a Paris, fuska ta zama tsohon yayi. Ki dubi yadda ta jingina da lema ta ɗaga kafaɗa ɗaya. Kin san tsayuwar nan, ita take yi in za ta musa miki magana.

Inda take tsaye kuwa ba zan faɗa ba. Ke da kike cewa babu abin da ke wuce idonki a duniya, ki canka. In kin canka daidai na aiko miki da alewar birni, in kin kasa ki aiko min da cukun akuya, mai taurin nan.

Abu ɗaya dai: kada ki nuna wa kowa. Ba a so ya fita tukuna, ni ma a ɓoye na zaro shi. In aka ji, kashina ya bushe.

Ɗanki da kika fi so, ko ba ki faɗa ba,
Firmin

*

Saint-Aubin, 10 ga Fabrairu

Firmin,

Na gaishe ka don haka aka koya mana fara wasiƙa, ba don ka cancanta ba. Gwiwa tana nan yadda ka sani. Zakara ma yana nan, ya fi ka hankali.

Yaro, wannan abin wasa ne? Mutum ya mutu, ka aiko min da kacici-kacici da zancen alewa? Na buɗe kwalin a bakin taga, na sa tabarau, sai ga Honorine cikin baƙi tun daga hula har ƙasa. Baƙar riga, baƙar lema, baƙar safar hannu. Yarinyar da tun tana ƙarama ko baƙin ƙyalle ba ta yarda a ɗaura mata a gashi. Ga ta tsaye gaban kabari, an sassaƙa mace da namiji kwance a kansa. Na canka, Firmin. Gaspard mijinta ya rasu, kun binne shi shiru kamar kare, babu takardar sanarwa mai baƙin gefe, babu ko telegiram, sannan ka ce min kada in nuna wa kowa.

To na nuna. Ka ɗauka zan zauna da wannan a cikina alhali uwarsa Iya Perrine tana tsallaken titi tana tsince wake? Na sani shekara da shekaru ba sa magana, tun da ya ƙi sana'ar ubansa ta haɗa gangunan giya ya tafi birni kankarar jan ƙarfe, ita kuma ta ce kada ya sake taka mata ƙofa. Duk da haka ita ta haife shi. Na ɗauki hoton na tsallaka. Iya Perrine ta daɗe tana dubawa, sannan ta sa yatsa a kan wani mutum mai hula da ke tsaye can baya kusa da ƙofa, ta ce, "Ga shi nan. Sun saka shi yana kallonta." Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in ɗora mata babbar tukunya.

Mun rina kaya sun koma baƙi. Nata duka, nawa ma, har da shuɗiyar rigata ta zuwa biki. An kaɗa ƙararrawar coci irin ta mutuwar maza, gari ya taru. Sabon Fadan nan ya ce wai a jira takarda daga hukuma. Na ce masa ni na ga kabarin da idona, shi me ya gani?

Yanzu ka amsa min, kuma kada ka sa wasa. Me ya kashe shi? Ruwan nan mai cin ƙarfe da yake shaƙa kullum? An kira masa Fada kafin ya cika? Kuma wane irin kabari ne wannan, babu gicciye, mutum biyu kwance suna murmushi kamar sun ci sun ƙoshi, an rufe su da gilashi kamar cuku a kanti? Sannan ka gaya wa Honorine mai takaba ba ta jingina da lema tana karkace ƙugu. Ta miƙe tsaye, ba haka na raine ta ba.

Eulalie

*

Paris, 16 ga Fabrairu

Gwaggo!

Gaisuwa a gurguje, ina lafiya, kowa yana lafiya, ki sake karanta wannan kalmar: kowa.

A kan matakala na karanta wasiƙarki. Na yi dariya har matar da ke gadin gida ta fito da tsintsiya. Da na kai wajen ƙararrawa sai dariyar ta yanke.

Gaspard bai mutu ba. Yau da safe ya kira ni jaki ya jefe ni da tsumma. Shi ya zana hoton nan, Gwaggo. Mamacin naku shi ya zana shi, yana ci yana sha yana masifa.

Ki zauna in koya miki, tunda yau ni ne malami. Wannan ba fenti ba ne. Farantin jan ƙarfe ake shafewa da kaki, a zana da allura, a tsoma shi a ruwa mai ci, a cusa tawada a ramukan, a shimfiɗa takarda mai danshi, ni kuma in juya matsi. Tawada ɗaya ce, baƙa. Ko zakaranki ja aka zana, hankaka zai fito. Rigar Yaya koriya ce shar kamar ganyen latas, har juyowa ake yi a titi ana kallonta. Wurin kuma ba maƙabarta ba ce, gidan tarihi ne na Louvre, inda take zuwa kallon aikin mutanen da don ta ƙaru. Akwatin gawar nan na wasu ne da suka mutu a Italiya tun kafin a haifi Yesu, ko sunan Saint-Aubin ba su taɓa ji ba. Mutumin mai hula kuwa mai gadi ne. Hamma yake yi.

Abin da na ce kada ya fita hoton ne kawai. A watan Afrilu za su baje shi tare da abokansu, waɗannan da jaridu ke zagi wai ba sa ƙarasa zane. Gaspard ba ya yarda bugun gwaji ya bar shago ko da wasa.

Ni kuma raina ya ɓaci, in gaya miki gaskiya. Canka na ce ki yi, ban ce ki kaɗa ƙararrawa ba. Na ce kada ki nuna wa kowa, kika tsallaka titi da shi kafin ki ajiye tabarau. Sabon Fada ya ce a jira, kika rufe masa baki. Amma a ƙarshe za a ce Firmin ne, kullum Firmin ne.

Ga shaida a cikin kwalin nan. Gaspard ba ya barin faranti ya huta: ya buga ya duba, ya kankare nan, ya ƙara can, ya sake bugawa. Wannan bugun jiya ne. Ki jera su biyu za ki ga an taɓa hoton bayan wancan, matacce kuwa ba ya gyaran faranti. Ki kai wa Iya Perrine yau ɗin nan, ki karanta mata abin da na rubuta. Ban gaya wa su Yaya ba. In Gaspard ya ji na zaro gwaji har biyu, sai dai ki gan ni a ƙofarki da ƙullin kayana, kuma ke ma ba kya son haka. Ki gyara abin daga can, shiru.

Shuɗiyar rigarki kuwa, Allah ya jiƙanta. Ita kaɗai aka rasa.

Firmin

*

Saint-Aubin, 25 ga Fabrairu

Firmin,

Lafiyata ba ta dame ka ba, don haka ba zan ɓata tawada a kanta ba. Ta Perrine zan gaya maka.

Na yi yadda ka ce, wauta ta sa na bi maganarka. Hoton farko yana kan teburinta kusa da kyandir, kullum sai ta shafa mutumin nan mai hula da yatsa. Na kawo na biyun na jera. Ka ma duba shi kafin ka aiko? Mutumin babu shi. Inda yake tsaye sai wata inuwa fara-fara, kamar numfashi a jikin gilashi. Rigar Honorine kuma ta ƙara baƙi. Perrine ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "Ya gama sallama, ya tafi." Ta hau gado ta juya fuska bango. Tun ranar ruwa kawai ke shiga cikinta. Safe da yamma ina tsallakawa da miyar albasa, ina dawowa da ita ta huce. Likita ya zo ya ce bai ga ciwon da zai ba magani ba. Tsohuwa ce, Firmin, ba ta da naman da za ta ci gaba da zubarwa.

Na yini ina juya wasiƙarka a kaina. Koriyar riga kam ta yi kama da Honorine. In gaskiya ka faɗa, to ni ce na kashe mutum da ransa a gaban gari, kuma zan haɗiye wannan in lokacinsa ya yi. Na zauna bakin gadonta na karanta mata, kaki da allura da mutanen Italiya, duka. Ta ce, "Wa ya faɗa?" Na ce Firmin. Ta ce, "Firmin ɗin da ya ce Bishop na zuwa, muka kwana biyu muna shafa farar ƙasa?" Na ce shi. Ta ce, "Wanda ya hau da akuyar Fada hasumiyar coci?" Na ce shi dai. Ta ce, "Eulalie, ki ja min labule." Ka ji darajar maganarka a garin da aka haife ka.

Kuma har kana da bakin cewa ranka ya ɓaci! Ka aiko wa tsohuwa mai tabarau hoton 'yarta a gaban akwatin gawa, ka ɓoye mata wurin don cukun akuya, sannan ka ce in gyara shiru don kada a kore ka daga aiki. Ba zan gyara ba, don ba zai gyaru daga nan ba. Takarda ma ba za ta yi ba: Perrine ba ta karatu, kuma ta ce kowa na iya rubuta sunan mamaci. In yana da rai ya zo da ƙafarsa.

Ka je ka gaya masa yau. In kuma ka tsaya lissafin aikinka har aka sake kaɗa ƙararrawa a garin nan, ta mata ce za a kaɗa, kuma wannan karon babu kuskure a ciki.

Eulalie

*

Paris, 1 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fata wasiƙar nan ta sami Iya Perrine da sauran ƙarfi. Ban duba bugun na biyu ba, na saman tari na zara. Na faɗa musu.

Gaspard yana goge faranti da tafin hannu, Yaya tana bakin taga tana haɗa launi. Na ce, "Maigida, akwai magana. A Saint-Aubin ka mutu."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Wannan ai tsohon labari ne."

Na ce, "A'a, wannan karon har da ƙararrawa."

Na miƙa wa Yaya wasiƙunki. Ta karanta a tsaye, fuskarta tana sauya launi fiye da allon da ke hannunta. Ta ce, "Ni aka mai da mai takaba? Kai shashasha, zo nan." Na ƙi zuwa, na zagaya bayan matsi. Gaspard ya karɓa ya karanta, ya ajiye, ya cafke ni a wuyan riga. Kin san abin da ya fara tambaya? "Wa ya ba ka izinin fitar da gwaji daga shagona?" Gwaji, Gwaggo! Uwarsa ta juya fuska bango, shi gwaji yake tambaya. Na ce masa, "Ka kore ni in ka ga dama, amma ka fara sayen tikitin jirgin ƙasa." Ban san daga ina bakin ya zo min ba.

Sai Yaya ta bar ni ta koma kansa. Ta ce, "Na ce maka ka bar wa rigar nan haske, ka ce baƙi ya fi dacewa da bango. Ni da na je Louvre aiki, da littafin zanena a aljihu, ka mai da ni baya da lema. Kuma mai gadin nan me ya yi maka ka kankare shi?"

Ya ce, "Yana ɓata kusurwa."

Ta ce, "To kusurwarka ta kwantar da uwarka. Ka ji daɗi, ta yi kyau."

Ya ce, "Ita ta ce kada in taka ƙofarta. Da ubana ya rasu ko aike ba ta yi ba, a bakin mai kawo giya na ji. Yanzu don wannan jakin ya yi wasa sai in je in durƙusa?"

Yaya ta ce, "Wa ya ce ka durƙusa? Tsayawa kawai za ka yi a gan ka kana numfashi. Ko wannan ma sai an tsoma ka a ruwa mai ci?"

Can ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "Duka kayanta ta rina?" Na ce haka kika rubuta. Ya koma kan farantin yana goge wuri ɗaya, wurin da babu sauran tawada. Ya kore ni daga aiki, ba a jima ba ya ƙwala min kira in zo in jiƙa takarda. Ban san ko korarre ba ne ni yanzu ko ba korarre ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Ga abin da na tabbatar. Yaya za ta hau jirgin ranar Alhamis, ta ce da koriyar rigar za ta sauka ko ƙanƙara ake zubawa. Ki sa mai keken doki ya tarye ta a tasha. Shi kuwa bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na goge masa takalmansa na ajiye a inda zai yi tuntuɓe da su.

Ki ci gaba da kai miyar. Ki ce mata ta jira Alhamis. Kada ki ce ni na faɗa.

Firmin

*

Saint-Aubin, 8 ga Maris

Firmin,

Muna lafiya. Na rubuta "muna", kai ma ka sake karantawa.

Keken doki ya tsaya a dandali da rana tsaka. Honorine ta sauko cikin rigar nan. Latas ka ce? Ya fi latas, sai da na kare idona. Tana juyawa sai ga Gaspard a bayanta, ya rame, ya tara gemu kamar ɗan fashi. Matan da ke wanki a bakin rijiya suka yi alamar gicciye, matar mai burodi ta saki kwandonta ta ruga tana kiran Maryamu. Ni kuwa ina tsaye cikin baƙi tun daga kai har ƙafa, na miƙa wa mamacin hannu, ya ce, "Madam Eulalie, na gode da ƙararrawa, an ce ta yi daɗi." Ka ga irin mutanen da kake zaune da su.

A ƙofar uwarsa ya toge, hula a hannu. Honorine ta sa hannu biyu a bayansa ta hankaɗa shi ciki kamar buhun dankali.

Perrine tana fuskantar bango. Ya ce, "Iya." Ba ta juyo ba. Ta ce, "Eulalie, aika a kira Fada, na fara jin muryoyinsu." Ya matsa ya durƙusa bakin gado, wanda ya ce ba zai durƙusa ba. Ta miƙo hannu a hankali ta shafa gemun, ta hau kunci, ta isa kunne. Sai ta kama kunnen ta murɗe shi da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har ya yi ƙara, "Wayyo, Iya, saki!" Ta ce, "Shi ne." Ta tashi zaune da kanta ta ce, "Ɗan banza. Ka mutu ba ka gaya min ba, ka tashi ba ka gaya min ba." Daga nan kuka ya ƙwace musu su biyu, na ja Honorine muka fita tsakar gida, na samu damar gaya mata ra'ayina a kan tsayuwarta.

Abin da nake sha a gari ba sai na faɗa maka ba. Sabon Fada in ya gan ni sai ya yi ta kallon takalmansa yana cije leɓe. Yara suna bina suna buga murfin tukunya. Na haɗiye, na ce zan haɗiye. Gaspard ya ce aikinka yana nan, wai babu wani jakin da ya iya jiƙa takarda kamarka, ka kula da shago sai sun dawo, kada ka taɓa komai, kada ka aika wa kowa komai.

Amma ga abin da ba zan haɗiye ba. Da suka gama kukan, Perrine ta ce tana jin yunwa. Na ruga da gwiwar nan tawa na ɗumamo miyar, na kawo da zafinta. Shi ya riƙe cokali, tana sha tana zaginsa, tana zaginsa tana sha, har ta ga ƙasan kwano ta ce a ƙaro. Sannan ta goge baki, ta dube ni a gaban ɗanta da surukarta, ta ce, "Eulalie, miyar nan babu gishiri. Shi ya sa tun farko ban sha ba."

Miyata, Firmin. Wadda na yi ta tsallaka titi da ita safe da yamma cikin sanyi. Na ɗauki tukunyata na fito, kuma ba zan sake taka ƙofarta ba sai ta aiko ta ba ni haƙuri. Gobe dai zan kai mata ta kabeji, don ta ga bambanci.

Gwaggonka,
Eulalie